Me ya sa labari ke mutuwa a bakina, kuma daga ina ake samo sabon tunani?

Tambaya: Malam, da na fara ba da labari sai in ga idanun mutane sun koma kan wayoyinsu. Wani kuma zai kawo labarin da bai kai nawa ba, a yi tsit ana sauraronsa. Haka in na zauna rubutu, duk abin da ya zo mini sai in ga wani ya riga ni. Baiwa ce ake haifar mutum da ita, ko ana koyo? In ana koyo, ta ina zan fara?

Amsa: Ana koyo, ɗan'uwa. Baiwa akwai ta, babu musu, wani tun yana yaro bakinsa ke da zaƙi. Amma abin da ke kashe labarin yawancin mutane kurakurai ne 'yan kaɗan da ake iya nunawa da yatsa, kuma kusan dukkansu daga wuri ɗaya suka fito: kai ka san labarin, mai sauraronka bai san shi ba, kai kuma ka manta da hakan.

A 1990 wata ɗalibar digiri na uku a Jami'ar Stanford ta Amurka, Elizabeth Newton, ta haɗa mutane biyu-biyu. Ɗaya zai riƙa ƙwanƙwasa tebur da yatsa yana bin kiɗan wata sananniyar waƙa, ɗayan ya faɗi wace waƙa ce. Masu ƙwanƙwasar sun yi hasashen za a gane kusan rabi. Aka ƙwanƙwasa sau 120, aka gane sau 3 kacal. Mai ƙwanƙwasa yana jin waƙar gaba ɗaya a kansa, da murya da amshi, shi kuwa abokinsa ƙwas-ƙwas kawai ke shiga kunnensa. Haka kake idan kana ba da labari. Kana ganin fuskokin mutanen, kana jin faɗuwar gaban da aka ji a lokacin, ka san abin da ya sa abin ya ba ka dariya. Mai sauraro ba shi da ko ɗaya daga ciki sai wanda ka sa masa a kunne, a daidai lokacin da ya dace.

Sa'ar da ka yi ita ce kan ɗan Adam a shirye yake da labari, ƙiris yake jira. A 1944 Fritz Heider da Marianne Simmel, masana halayyar ɗan Adam, sun nuna wa mutane wani ɗan gajeren fim wanda babu komai a cikinsa sai siffofi uku suna yawo: babban mai kusurwa uku, ƙaraminsa, da da'ira, kusa da wani akwati mai ƙofa. Cikin mutum 34 da aka ce su faɗi abin da suka gani, ɗaya ne kawai ya tsaya a kan siffofi. Sauran duk sun ga masu rai, wannan azzalumi ne, wancan yana kare wancan, waccan ta ɓuya a ɗaki. Wato da zarar an ga wani yana son wani abu, wani kuma yana hana shi, labari ya tashi. Wannan shi ne abin da za ka fara dubawa kafin ka buɗe baki: wane ne, me yake so, me ya tare shi, me zai rasa in bai samu ba, kuma zuwa yaushe? In ba ka iya amsa su a jimla biyu ba, abin da ke hannunka rahoton abin da ya faru ne, bai zama labari ba tukuna.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu yi ta juya shi. Ga yadda yawanci ake kawo shi:

"Wani yaro ne yana buga ƙwallo sai ya fasa madubin motar babansa, ashe ma dai baban ne ya fasa tun jiya, sai ya tsorata, sai ƙanwarsa ta gani, sai baban ya dawo, sai aka yi ta dariya."

Ga kuma abu ɗaya a wani bakin:

"Baban bai taɓa barin motar a gida ba sai ran nan. Da ƙarfe huɗu yaron ya ɗirka ƙwallo, ya ji ƙas! Ya waiga, sai ga madubin gefe yana reto a jikin waya ɗaya. Baban yana dawowa ƙarfe shida. Ya ɗauko gam ya manna, ya danne da hannu biyu yana ƙirga ɗari. Yana saki madubin ya sake sunkuyowa, yanzu har da dabbaren gam a jikin fenti. Ya ɗaga kai, sai ya ga ƙanwarsa a bakin taga ta yi tagumi tana kallonsa. Ta ce, 'Me za ka ba ni?'"

Na farkon ya zubar da asirinsa a numfashin farko, don haka babu abin da ya rage a jira. Na biyun ya sa agogo, awa biyu tsakanin huɗu da shida. Ya ba yaron buƙata, ya sa ya yi yunƙuri, yunƙurin ya ƙara dagula lamarin, sannan ya jefo sabon cikas mai baki. Lura da gam ɗin nan. Yunƙurin da ya gaza ya bar abu yadda yake ba ya ciyar da labari gaba. Wanda ke aiki shi ne wanda ya bar mutum a halin da ya fi na farko muni, ta yadda komawa baya ta gagara. Yunƙuri biyu ko uku sun isa gajeren labari, kowanne ya fi na gabansa tsada. In suka kai biyar masu nauyi iri ɗaya, za a fara hamma a na uku.

Akwai gwajin da nake ba kowa shawara ya yi a takarda. Rubuta abubuwan da suka faru, kowanne a layinsa. Tsakanin kowane layi biyu gwada sa "don haka" ko "amma". Madubi ya karye, don haka ya ɗauko gam, amma gam ya ɓata fenti, don haka yanzu laifi ya zama biyu, amma ƙanwarsa ta gani. Duk inda babu abin da ya zauna sai "sai kuma", to wannan layin ba ya ɗauke da komai. Ko dai ka cire shi, ko ka nemo dalilin da ya haɗa shi da na gabansa. Ba ina cewa ka daina faɗin "sai" a bakinka ba, ai da shi ake ba da labari a Hausa. Ina nufin a ƙarƙashin kowane "sai" a samu dalili yana ja. Tun ƙarni na 4 kafin Miladiyya Aristotal ya bambanta abin da ya faru saboda wani abu da wanda ya faru bayansa kawai, kuma har yau a nan ake faɗuwa.

Inda za ka fara kuwa, fara kusa da matsala gwargwadon iko. Mafi yawan rubutun farko ana iya yanke sakin layinsa na farko gaba ɗaya ba a rasa komai ba, domin a nan marubuci yake gyaran murya: asalin gidan, sunayen kowa, yanayin gari. A baki, in ka wuce jimla uku ba a ji ƙamshin matsala ba, ka fara rasa mutane. Bayanin baya a riƙa ɗiga shi kaɗan-kaɗan, a daidai inda mai sauraro zai buƙace shi. Cewa baban yana ji da motar nan kamar ransa ba sai an yi masa shimfiɗa ba, a bari sai yaron ya ga gam a jikin fenti, sannan a ce, "motar da baban ke gogewa da kansa kowace safiya."

Yanzu ga babban aikin, wanda a nan gwanaye ke barin sauran mutane a baya: wa ya san me, kuma yaushe. Mai sauraro yana zaune ne saboda akwai tambaya a ransa da ba a amsa ba. George Loewenstein, wani masani ɗan Amurka, ya bayyana a 1994 cewa son sani yana tasowa ne daga giɓin da ke tsakanin abin da mutum ya sani da abin da yake son ya sani, kuma sai ya san wani abu kaɗan kafin giɓin ya dame shi. Wannan ya sa ɓoye komai ba ya jan rai, rikitarwa yake yi. Masu koyo sukan ɗauka in sun bar mai karatu a duhu sun burge shi. Mutumin da bai san wane ne a ɗakin ba, bai san me ake nema ba, ba shi da tambayar da zai riƙe, sai ya ajiye littafin.

Hanya uku ce a gabanka. Mai sauraro ya san daidai abin da yaron ya sani, su tsorata tare, su yi mamaki tare a ƙarshe. Ko ya san fiye da yaron: ka fara da daren jiya, baban yana ja da baya ya goge madubi a jikin ginshiƙi, ya waiga babu wanda ya gani, ya lallaɓa ya mayar da shi. Daga nan duk wahalar da yaron ke sha da gam za ta zama abin dariya da tausayi a haɗe, tambayar kuma ta sauya daga "za a kama shi?" zuwa "baban zai faɗi gaskiya?" Ko kuma ya san ƙasa da yaron, ka nuna shi yana ɓoye wani abu a bayansa ba ka ce mene ne ba, wadda ita ce mafi haɗari, don ba ta jure dogon lokaci. Alfred Hitchcock, mai shirya fina-finai ɗan Ingila, ya ba da misalin bam a ƙarƙashin tebur: in ya tashi ba zato, 'yan kallo sun sami firgita ta daƙiƙa 15, in kuwa an nuna musu shi tun farko tare da agogo, sun sami minti 15 na zaman ɗar-ɗar, ko da hirar banza ake yi a kan teburin. Kafin ka ba da kowane labari, gwada shi a hanyoyin nan uku. Sau da yawa wadda ta fara zo maka ba ita ce ta fi ba.

In ka zaɓi mamakin ƙarshe, dole ka biya kuɗinsa tun farko. Jimlar nan ta buɗewa, "bai taɓa barin motar a gida ba sai ran nan", ba ado ba ce. Idan gaskiya ta fito, mai sauraro zai waiwaya ya ce, "Au, shi ya sa!" Wannan waiwayen shi ne daɗin. Ba tare da shi ba ji zai yi an yaudare shi. Anton Chekhov, marubucin Rasha, shi aka sani da ƙa'idar cewa bindigar da aka rataye a bango a farkon wasa dole ta tashi kafin a gama. Ƙa'idar tana aiki ta fuska biyu: abin da ka nuna da muhimmanci ka yi amfani da shi, abin da za ka yi amfani da shi kuma ka nuna shi tun da wuri. A aikace daga baya ake yi. Gama labarin, ga ƙarshensa, sannan ka koma ka binne alama ɗaya ko biyu. Dabarar binnewa ita ce a ba alamar wani aiki na daban da zai ɗauke ido. A misalinmu, barin motar a gida ya yi kama da bayanin yadda aka yi ƙwallo ta same ta, don haka babu wanda zai tsaya tuhumarsa.

Game da siffantawa, kaɗan mai kaifi. Abu ɗaya ko biyu a kowace fitowa, waɗanda ido ko kunne ko hanci zai kama, kuma waɗanda ba kowa zai zata ba. "Madubi yana reto a jikin waya ɗaya" ya fi layi biyar na launin mota da shekarar ƙirarta. Motsin rai kuma a bar shi ya fito a aiki. "Ya tsorata ƙwarai" labarin tsoro ne aka ba ka. Yaro yana ƙirga ɗari hannunsa na rawa, wannan kai ne za ka tsorata. A magana, kawo kalmomin mutum daga bakinsa. "Me za ka ba ni?" ta gaya maka halin yarinyar nan gaba ɗaya, abin da "ƙanwarsa mai wayo ce" ba za ta yi ba. Ka kiyayi sa mutane biyu su gaya wa juna abin da dukansu suka sani don kawai mai karatu ya ji, irin "kamar yadda ka sani, babanmu yana dawowa ƙarfe shida." Babu mai magana haka. Kuma mutane a cikin matsi ba kasafai suke faɗin abin da ke ransu kai tsaye ba. Baban da ya ce "Kun ci abinci?" alhali idonsa na kan madubi ya faɗi abu mai yawa.

Sai ƙarshe, wanda zai kai mu ga rabin tambayarka na biyu. Labari ya ƙare idan an amsa tambayar da aka ɗaga kuma wani abu ya sauya a wurin wani. Daga nan jimla ɗaya, in ta yi yawa biyu, ka yi shiru. Bayyana darasin da ke ciki tamkar bayyana wa mutum abin dariya ne bayan ya gama dariyar.

To wane ƙarshe? Ka ce duk abin da ya zo maka an riga an yi shi. Gaskiya ne, kuma ba laifin kanka ba ne. Tunanin da ya fara zuwa shi ne wanda ya fi kusa da ƙofa, wanda ka fi ji, kowa ma shi ya fi ji. Masu nazarin ƙirƙira tun shekarun 1950 sun lura cewa idan aka ce mutum ya jero amsoshi, na farko-farko su ne gama-gari, waɗanda ba a saba da su ba sai can baya suke fitowa. Maganin shi ne ka ƙi tsayawa. Rubuta lamba 1 zuwa 10 a gefen takarda, ka hana kanka tashi sai ka cike. A labarin madubi zai iya zama haka: baban ya yi faɗa, baban ya yafe, baban ya yi dariya ya ce shi ya fasa. Waɗannan ukun kowa zai kawo su. Na huɗu da na biyar yawanci shirme ne, a rubuta su haka nan. Wajen na bakwai sai ka ji wani abu ya motsa: yaron ya riga baban magana, ya amsa laifin yana kuka, baban ya buɗe baki ya rufe, ya karɓi ban haƙurin ya shige ɗaki, da dare kuma aka gan shi tsaye a gaban motar shi kaɗai. Ko kuma: ƙanwar ta ga abin da baban ya yi jiya ita ma, tana karɓar toshiyar baki daga ɓangare biyu. Ka ga labarin ya tashi daga na yaro ya koma na uba, ko na yarinyar. Ba a isa nan sai an bi ta kan shirmen na huɗu da na biyar.

Wannan gaɓa ta kawo sabon tunani ana motsa ta kamar yadda ake motsa jiki. J. P. Guilford, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya yi amfani da wani gwaji mai sauƙi: a ba ka abu kamar bulo, ka jero duk amfanin da za a iya yi da shi ban da wanda aka sani. Yi shi minti 3 kowace rana da abu daban, yau igiya, gobe murfin kwalba. Kada ka ƙirga yawan amsoshi kaɗai, ƙirga iri nawa ne. Danne takarda, danne ƙofa, danne tabarma, duk amsa ɗaya ce, nauyi. Niƙa bulon a samu jan gari na zane, wannan wata hanya ce daban. Idan ka kafe, daina kiran abin da sunansa, faɗi abin da aka yi shi da shi da siffarsa. Karl Duncker, a binciken da aka buga a 1945, ya ba mutane kyandir da ashana da kwalin ƙananan ƙusoshi, ya ce su kafa kyandir a bango. Mafita ita ce a zazzage ƙusoshin, a kafe kwalin a bango, a ɗora kyandir a kai. Da yawa sun kasa, saboda kwalin da ke cike da ƙusoshi a idonsu mazubi ne kawai. Da aka ba wasu kwalin babu komai a ciki, sai suka fi saurin ganewa. Suna yana rufe ido. A labari ma haka ne: muddin kana kiransa "baba", faɗa ko yafiya kawai za ka gani. Ce "mutumin da ya yi kuskure jiya bai faɗa wa kowa ba", sai wasu ƙofofi su buɗe.

Abu na gaba da ke kashe tunani shi ne haɗa aiki biyu a zama ɗaya, kawowa da tacewa. Wanda ke rubuta layi yana gogewa zai tashi bayan awa ɗaya da farar takarda. Ware musu lokaci daban. Minti 15 zuwa 20 na zubowa, babu gogewa, babu komawa baya a karanta. Tacewa sai gobe, da jan biro da rashin tausayi. Alex Osborn, wani mai harkar talla a Amurka, shi ya yaɗa wannan ƙa'ida ta jinkirta suka, musamman a littafinsa na 1953, ya kuma so a riƙa yi a taro. Rabin farko, wato jinkirta suka, ya tabbata, na taron ne aka samu matsala. Michael Diehl da Wolfgang Stroebe a Jamus sun nuna a 1987 cewa mutum huɗu da kowa ya yi tunani shi kaɗai aka haɗa daga baya sun fi mutum huɗu da ke zaune tare yawan shawarwari. Babban dalilin da suka gano shi ne jiran layi: mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, kafin ya gama kai ka manta naka ko ka raina shi. Don haka in kuna aiki a ƙungiya, kowa ya rubuta nasa shi kaɗai minti 10, a tattara, sannan a buɗe baki.

Duk wannan ba zai yi ba in rumbun babu komai. Sabon tunani kusan kullum tsofaffin abubuwa biyu ne da ba a taɓa haɗawa ba. A 1941 wani injiniya ɗan Suwizalan, George de Mestral, ya dawo daga daji ya ga 'ya'yan wata ciyawa mai maƙalewa, irin ƙarangiya, a jikin wandonsa da gashin karensa. Kowa cirewa yake yi ya yar. Shi ya sa su a madubin ƙara girma, ya ga ƙananan ƙugiyoyi ne ke kama zare. Daga nan aka samu Velcro, abin manne takalmi da jaka, wanda ya yi wa rajista a 1955. Dubi tazarar shekarun, ganin abu daban, mayar da shi abin amfani daban. Kai naka rumbun ɗan littafi ne a aljihu ko shafi a waya. Abu uku a rana: jimla ɗaya da ka ji wani ya faɗa, kalma da kalma yadda ya faɗe ta, abu ɗaya da ka gani wanda ba ya wurinsa, tambaya ɗaya da ba ka san amsarta ba. Cikin wata guda kana da kusan 90. Ranar da kanka ya bushe, rufe ido ka ɗora yatsa a kan biyu, ka tilasta musu zama labari ɗaya cikin minti 10. Bakwai cikin goma ba za su haihu ba, kada ya dame ka. Ka riƙa karatu kuma a wajen fagenka, domin wanda ba ya karanta komai sai irin abin da yake rubutawa, abin da ake da shi zai sake dawowa da shi.

Tsoron "an riga an yi" kuwa ka sauke shi. Vladimir Propp ya ɗauki tatsuniyoyin Rasha 100 ya warware su a 1928, ya tarar da matakai 31 ne kawai ake ta jujjuyawa. Ƙashin labari kaɗan ne a duniya. Naka shi ne gam ɗin da ya ɓata fenti da yarinyar da ke bakin taga.

In fili ya yi maka yawa, ƙuntata wa kanka da gangan. "Rubuta labari" umarni ne mai sa kai ya daskare. "Rubuta shi da kalma 100, a ɗaki ɗaya, ba tare da ambaton tsoro ko fushi ba" yana sa hannu ya motsa, domin ya toshe hanyoyin da ka saba bi. Sauya mai ba da labarin ma ƙuntatawa ce mai riba: ba da shi daga bakin ƙanwar, wadda ba ta jin tsoron kowa.

Idan ka yi iya yinka ya ƙi, tashi. Graham Wallas, wani masani ɗan Ingila, ya kasa aikin tunani mataki huɗu a 1926: shiri, kwanciya (wato ajiye matsalar na ɗan lokaci), haskakawa, tantancewa. Na biyun ne mutane ke fakewa da shi su yi lalaci. Kwanciya tana aiki ne bayan an sha wahalar shiri. Wanda bai jiƙa komai ba babu abin da zai tsiro masa. Yi minti 30 zuwa 40 kana kokawa da matsalar, rubuta ta a jimla ɗaya a matsayin tambaya, sannan ka fita ka taka ƙasa, wayar tana aljihu. Marily Oppezzo da Daniel Schwartz a Stanford sun samu a 2014 cewa tafiya a ƙasa ta ƙara yawan sababbin amsoshi a gwaji irin na Guilford da kusan kashi 60 cikin 100, har ga waɗanda suka yi tafiyar a kan na'urar motsa jiki a ɗaki suna fuskantar bango. Amma a tambayoyin da ke da amsa ɗaya tak ba ta taimaka ba. Wato tafiya ta neman hanyoyi ce, zaɓe da gyara a zaune ake yi. Abin da ya faɗo maka a hanya rubuta shi nan take, irin wannan ba ya jira.

Saura bakin da ka ce labari na mutuwa a cikinsa. Kada ka haddace labarin kalma da kalma, za a ji kana karanto shi daga allon kanka, kuma in ka manta kalma ɗaya duk ya rushe. Haddace jimlar farko, jimlar ƙarshe, da tashoshi huɗu ko biyar a tsakani: ƙas, gam, taga, ƙarar buɗe ƙofa, shirun baba. Ɗauki muryarka a waya ka saurara, duk da ba za ka ji daɗinta ba, babu mai jin daɗin tasa. Ƙirga sau nawa ka ce "ka gane" da "wato", ka lura da inda ka yi gudu. Kusan kowa yana gudu ne a daidai inda ya kamata ya tsaya, wato gab da babbar magana, saboda shiru yana ba shi tsoro. Tsaya daƙiƙa biyu kafin "Me za ka ba ni?", ka ga yadda kawuna za su ɗago. Shirya kowane labari a tsayi biyu, na minti 2 da na minti 5, ka karanta fuskoki ka zaɓa. In labarin gaskiya ne, kana da 'yancin yankewa da sauya inda ka fara, amma ba ka da 'yancin ƙara abin da bai faru ba ka ce ya faru.

Gwajin da ya fi kowanne faɗa maka gaskiya daga aikin Frederic Bartlett na Jami'ar Kambirij ya samo asali. A binciken da ya buga a 1932 ya ba mutane labari suka karanta, ya sa suka riƙa maimaita shi bayan lokaci, wasu kuma daga baki zuwa baki. Labarin ya riƙa gajarta, abin da ba a gane dalilinsa ba ya zube ko aka mayar da shi abin da aka saba. Yi amfani da wannan. Ba mutum uku labarinka, kowa daban. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce ya yi. Tambayi a ina hankalinsu ya tafi wani wuri, kuma a wane lokaci suka hango ƙarshen. Washegari ka ce ɗaya daga cikinsu ya ba ka labarin kamar ba ka taɓa ji ba, kai kuma ka riƙe takardar tashoshinka kana yi wa abin da ya faɗa alama. Abin da ya tsallake, in ba a rasa komai da rashinsa ba, cire shi. In kuwa ya tsallake cewa an bar motar a gida, alhali ƙarshen a kanta ya dogara, to binnewar ta yi zurfi, matso da jimlar kusa da ƙarar madubin, ko ka sa ƙanwar ta tambaya, "Yau me ya sa Baba ya tafi a ƙasa?", sannan ka gwada a kan mutum na huɗu.